Ranar da Na Kira Sunan Umaru

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa, ina fatan kabarinki ya fi ɗakinki na Ambursa sanyi. Kada ki duba rubutuna, kin san a aji biyu na sakandare ni da boko muka yi baran-baran.

Labarin jikanki Umaru na kawo miki. Tun da kika rasu, gidan daga ni sai shi, uwarsa kin san ta yi aure a Argungu. Muna cin tuwo kamar baƙi biyu a tasha.

Makaranta sun ce in bai natsu ba a zangon nan, in zo in ɗauki kayana. Ba ya zama, ba ya ƙarasa aiki, malami na magana shi yana kallon ƙadangare. Na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Bayan dogon bincike likita ta ce abin yana da suna, ADHD, wato hankalin da ba ya tsayawa wuri guda. Ba iskanci ba ne, ba aljanu ba. Tana bayani ina karkaɗa ƙafa ina laluben makullin babur, alhali yana hannuna. Ta dube ni, ta ce in na samu sarari ni ma in dawo a duba ni. Inna, ashe gado ne na ba yaro, tun ina raye.

Ta ce a ajiye bulala, ni za a fara koya wa darasi. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya. In ya yi daidai, in yabe shi nan take. Amma kafin komai, in durƙusa, in dube shi cikin ido, in kira sunansa.

Nan gizo ke saƙar. Ɗan fari ne, kuma sunan Baba gare shi. Ni da ban taɓa wuce "kai yaro" ba! Ke ce mai kiransa, ke ce mai yabonsa. Na tuna ranar da ya ɓarar miki da gero, na ɗauko tsumagiya, kika ce, "Ƙyale min maigidana, ba shi da laihi, ƙafa tai mai yawa." Ashe aikin likita kike yi ba da takarda ba, kika tafi da shi.

Na yi ta gwaji a kan babur, hanyar Badariya, ina kiran sunan cikin iska, har wani fasinja da na ɗauko, mai irin sunan, ya amsa.

Ran Juma'a na ce ya kawo min buta, buta kawai. Ya kawo, bai biya ta wurin awaki ba. Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na ce Umaru, ka kyauta. Sai ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗakinki, Inna. Ya zaci daga can muryar ta fito.

Ban san ko makaranta za su bar shi ba. Amma jiya ya zauna kusa da ni har ya cinye tuwonsa, ba wanda zan faɗa wa sai ke.

Allah Ya jiƙanki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna, Ya natsar mana da Umaru, in da ragowa Ya natsar da ubansa.

Ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barinki kin kira sunansa ba,
Bello