Hannun Rigar Isiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kande.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Hajara. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin ya cika min ciki, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Inna, ƙanena Isiya ba shi da lafiya. Gyambo ne a damtsensa na hagu, tun kaka ya ƙi warkewa. Ya sha saiwa, mun shafa duk abin da aka ce a shafa. Yanzu likita ya ce sai Kano, gobe za mu shiga mota.

Kin tuna yadda kike zaɓa masa yadi a kasuwar Gwaram? Ki ɗaga akoko ki kare rana da shi, in haske ya ratso ki ajiye, ko mai yadi zai yi ta ƙunƙuni. Ki sa a yi hannun rigar ya rufe har bayan tafi, wuyan ya tashi. Kullum maganarki ɗaya: zabiya irinsa da rana ba su da amana. Da ciwonki ya tsananta, rigunansa kika damƙa min tun kafin ki yi zancen gona.

To, na riƙe, wallahi na riƙe. Da na sami keken ɗinki a Birnin Kudu, ni nake masa da hannuna.

Sai aikin titi ya zo. Samarin Yalwan Damai suka shiga lebura, suka fara dawowa da rigunan nailan masu gajeren hannu, kowa da agogo yana walƙiya. Shi ma ya shiga. Suka laƙa masa Liman saboda dogon hannun rigarsa. Ga shi lokacin yana neman wata yarinya, Ladi, a Sundimina.

Ya zo min da rigarsa ta zance a naɗe. Bai ɗaga kai ba. Cewa ya yi, Yaya, ko sau ɗaya ne, in yi kama da mutane.

Inna, ke da za ki daka masa tsawa ya wuce. Ni zuciyata ta karye. Na ɗauki almakashi na rage mata hannu.

Na ce ta yamma ce kawai, in rana ta yi sanyi. Ina! Wa ya ga Isiya ran nan? Har tafiyarsa ta canja. Bayan sati ya kawo ta biyu, sannan ta aiki. Ina gani hannunsa ya yi ja, ya saɓule, ya yi baƙaƙen tabo, ina cewa gobe zan yi magana. Damina ta wuce, wata ta zo, ban yi ba. Dariyarsa nake jin daɗi, ita ta rufe min baki.

Ya auri Ladi. Suna da 'ya, ko yaye ba a yi ba, sunanki aka sa mata.

Da likitan ya buɗe ciwon, ya daɗe yana dubawa. Ya yi faɗa, ya ce wa ya bar mai irin fatar nan yana kwasar tsakuwa da hannu a waje? Ina tsaye a gefen gadon. Kafin in motsa baki Isiya ya ce shi ya ga dama, ba ruwan kowa. Na bar shi ya ɗauki laifin shi kaɗai.

Na ɗinka masa sababbi masu kauri, irin naki. Ya karɓa ya yi godiya, amma hannun hagun ba ya shiga saboda kumburi. Ladi ce ta farke shi daga kafaɗa, ina kallo.

Ki yafe min amanarki. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata makwancinki. Allah Ya tashi kafaɗar Isiya, Ya bar wa takwararki ubanta. In da abin ɗauka a wannan lamari, Ya ɗora min, ni na yanke.

Taki mai neman gafara,
Hajara