Sunan Oga Bitrus a Cikin UPS

Litinin, 14 ga Yuli, Wudil

Barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta.

Da hantsi na zauna duba babbar UPS ɗin ofis, wadda ke riƙe mana kwamfutoci idan an ɗauke wuta. Ashe fot ɗinta, ƙofar da ake bi ta intanet a ba ta umarni, a buɗe take ga kowa. Oga Bitrus ne ya buɗe ta don ya riƙa duba batura daga gida ranar Lahadi bayan coci. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, amma an rasa mai goge sunansa. Ni ma nauyi nake ji, shi ya koya min aikin.

Na buɗe jerin masu shiga UPS ɗin ta fot. Kowace Lahadi da azahar sunansa na nan. Har jiya.

Na kira matarsa a Sabon Gari. Bayan gaisuwa na ce, "Mama, wa ke amfani da wayar Oga?"

Ta ce, "Ɗana, ai tun ranar da ya faɗi wayar ta fashe. Tana cikin akwati."

Hankalina ya ce wani ne ya samu kalmar sirrinsa, kuma da ya so da ya kashe mana komai ana tsakar jarrabawar da ɗalibai ke yi a kwamfutocinmu. Amma wane ɓarawo ne zai shigo, ya duba lafiyar batura, ya fita?

Na rufe fot ɗin, na yi bismillah na goge sunan. Yanzu Lahadi nake tsoro. In shiru, ni na kore shi. In kuma sunan ya sake fitowa fa?