Alamar Dala a Gaban Umarni Ta Hana Ni Jin Wasiƙun 'Yata

Zuwa ga masu rubuta jagorar manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allon kwamfuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni dattijo ne a Sharaɗa, tsohon mai kula da injinan saƙa a wata masaƙa da ta daɗe da rufewa. Ni kaɗai nake zaune tun rasuwar mai ɗakina. 'Yata tana aure a Damagaram, tana aiko mini da dogayen wasiƙu ta kwamfutar da ta bar mini. Ganina yana raguwa, likita kuma bai ɓoye mini inda abin zai ƙare ba. Shi ya sa nake son manhajarku ta fara karanta mini tun ina iya ganin inda zan danna. Sati uku ke nan na kasa sa ta a kwamfutar, kuma jagorarku ce sanadi.

Na ɗaya. Kowane umarni da kuka ce a kwafa a liƙa a baƙin akwatin nan na kan allo da ake rubuta wa kwamfuta umarni, kun sa masa alamar kuɗin dala ($) a gaba. Mu da muka yi makaranta a da, malami ya rubuta a allo, ka kwafe har ɗigo, in ka bar ɗaya ka sha bulala. A masaƙa ma, wanda ya tsallake layi a takardar inji yatsansa yake jawo wa. To, na kwafe har da alamar. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Sai bayan kwana tara na gane da kaina cewa alamar ba tawa ba ce, ta kwamfuta ce, tana nuna tana jirana. Ko layi ɗaya ba ku rubuta a kan haka ba.

Na biyu. Abin da zan rubuta da amsar da kwamfuta za ta ba ni, kun zuba su akwati ɗaya, launi ɗaya. Na liƙa mata amsarta a matsayin umarni, ta cika allo da ƙorafi.

Na uku. Hannuna yana rawa. Jan linzamin kwamfuta daga bayan alamar zuwa ƙarshen layi don in kwafa, ba ƙari ba ragi, aiki ne da nake maimaitawa har sallar la'asar ta same ni a kai.

Ba na zarginku da mugunta, kun dai rubuta wa irinku ne. Roƙona shi ne: ku bar alamar in kuna sonta, amma ku yi ta yadda ba za ta biyo kwafi ba. Ku raba umarni da amsa. Ku sa babban maɓalli a gefen kowane umarni, dannawa ɗaya ya kwafe shi. An ce wasu jagororin haka suke, ke nan abin mai yiwuwa ne.

Ina kan mataki na huɗu cikin bakwai na jagorarku. Idon dama ya daina aiki kafin azumi, da na hagu nake rubuta muku wannan. Don Allah kada gyaran ya daɗe.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya bar muku ganinku har tsufa.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Sharaɗa, Kano.