Ta'aziyyar Malam Illo, Mai Ƙofa Ba Ɗaki

Cikin alhini, Ƙungiyar Masassaƙa da Magina ta Madarumfa ta samu labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Sarkin Sassaƙa Malam Illo Maman, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a ɗakin hayarsa na bayan tasha. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya yi rayuwarsa yana sassaƙa turmi, akushi da jirgin masunta, har shekarar 1974 da aka yanka tsohuwar unguwar bakin tabki aka sayar wa masu hali, waɗanda aka binne cibiyarsu a wurin kuwa fili ya fi ƙarfinsu, ciki har da shi. Ana rusa gidaje yana bi yana roƙon ƙyamaren da aka yar. A jikin kowanne ya sassaƙa shaidar masu gidan, a wani ƙyauren kifi, a wani kuma tafin hannun yaran da aka haifa a gidan, sannan ya kakkafa su tsaye a fako, a jere kamar yadda gidajen suke a da.

Mun yi masa dariya, har da laƙabin Mai Ƙofa Ba Ɗaki, yakan ce gara a san an taɓa zama. Dariyar ta ƙare ranar da muka ga tsofaffin unguwar suna tsayawa gaban ƙofofin suna sallama.

Ƙyaure ɗaya ne bai kafa ba, na gidansa. Ya jingine shi a ɗakin haya yana jiran ranar da zai samu bangon da zai sa shi. A kansa muka yi masa wanka.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Malama Atika, da 'ya'yansa Fati da Usman, Allah Ya ba su juriya, Ya jiƙansa da rahama. Muna kuma roƙon masu girma dattawa da attajiran gari su dubi Allah su sama wa wannan iyali ko kusurwar fili ce kafin Malama Atika ta fita takaba, domin mai gidan hayar ya ce yana son ɗakinsa. Ginin namu ne, kyauta. Ƙyaure kuwa akwai.

Salisu Yahaya
Magatakardan Ƙungiya, Madarumfa