Fiffiken Hagu na Jirgin Yaya Sani

Asabar da dare, Dutse.

Jiya aka yi addu'ar arba'in ɗin Yaya Sani, yau Umma ta ce in share ɗakinsa. A kan tebur na tarar da ƙaramin samfurin jirgin saman koyon tuƙin da yake haɗawa, bai gama ba. Ina wurin ranar da ya gasa wani fallen roba a kan risho, ya kifa ta a kan itacen da ya sassaƙa, inji ya zuƙe iska, ta lafe ta ɗauki siffar jirgi. Kujeru biyu ya yi masa, ya ce ta baya tasa ce, ni ɗalibi in zauna a gaba.

Fiffiken hagu ya ɗan fi na dama tsawo. Ya ja layi da fensir a bakinsa, ya rubuta, "A rage nan." Ni kuwa sarkin iyayi na ɗauko samfefa na hau gugar wurin, wai zan ƙarasa masa aiki. Ina guga ina aunawa har suka zo daidai.

Na kai wa Umma da murnata. Ta juya shi a hannu, ta sake juyawa, sannan ta ce, "Auta, ina rubutun da ke nan? Kullum sai na shiga na kalle shi."

Umma ba ta yi boko ba. Ba ta san me ya rubuta ba, hannunsa kawai ta sani.

Kaicona. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Na gyara maka fiffike, na goge wa Umma hannunka.