Bindigar Gwadabe da Hannun Inuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ne Gwadabe ɗan Shu'ibu, maharbi, mazaunin Guri a ƙasar Haɗeja. Ina faɗa, limaminmu Malam Bunu yana rubutawa, cikin watan Rajab na shekara ta dubu da ɗari biyu da casa'in daga Hijira. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina yana nan daram, ba kuma wanda ya tilasta ni. Maganar taku ce, 'ya'yana uku, Inuwa da Haladu da Ma'u. A karanta muku ita kuna zaune wuri ɗaya, mahaifiyarku Hajo tana ji.

Inuwa, kai ne ɗan fari, ka san ban taɓa kiran sunanka ba. Yau na kira, don Malam ya ce ba zai rubuta "wancan yaron" a wasiyya ba.

Mutuwa ba ta tayar mini da hankali kamar abu uku da suka haɗu a daminar nan: bindigar da ke rataye a ɗakina, da dorinar da ke fitowa daga kogi tana cinye shinkafar mutane, da rantsuwar da Inuwa ya yi a tsakiyar kasuwa cewa zai kashe ta kafin a yi yankan shinkafa. Ruwa ya cika fadama, shinkafa ta ɗauki ciki, ni kuwa ba na jin zan ga girbi. Tsoro nake ji, na faɗa ba ɓoyo.

Na ɗaya. Gida da gonar fadama da awaki, Malam Bunu zai raba muku yadda Allah ya ce, ba ni da ta cewa a ciki. Bindiga da kayanta kuwa na bayar da su kyauta tun ina numfashi, a gaban shaidu, don haka ba sa cikin gado.

Na biyu. Bindiga ta Inuwa ce. Ka fi ni ido, hannunka ba ya rawa, na ga ka sauke tsuntsun dinya a fadamar Baturiya daga nisan da ni ba zan ɓata albarushina ba. Amma ka san abin da ka karɓa. Na saye ta wurin Fannami, wani bafatake da ya zo daga Kukawa, tun ba a haife ka ba, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Hajo takan ce da ƙafata na samun man da bindigar nan ke sha, da ban yi kaushi ba. Duk da wannan gata ta tsufa. Taƙi ɗaya daga gindin bututun, ta gefen hagu, ƙarfen ya yi siriri. Ƙwanƙwasa wurin da bayan wuƙa, ka ƙwanƙwasa gaba kaɗan, za ka ji muryar ba ɗaya ba ce. Daidai nan kuncinka yake kwanciya in ka yi saiti.

Na uku, kuma saboda wannan na sa aka kira Malam. Ma'aunin albarushi, wato ɗan ƙahon akuyar nan da na yanke da hannuna, na Haladu ne, shi zai riƙa aunawa.

Ga dalili. Yadda ubana ya koya mini haka na koya muku: ka zuba albarushi, ka danna shi da sandar ɗuri, abin da ya yi saura na sandar a waje ka gicciya yatsu a jikinsa. Yatsu uku, kada a wuce. Haladu na kama hannunsa na ɗora a kan sandar. Kai kuwa Inuwa, daga nesa na faɗa maka, ina kallon wani wuri, don uba ba ya zama ya riƙe hannun ɗan farinsa, haka muka taso muka tarar. Ka riƙe maganar da kyau, ba ka taɓa wuce yatsu uku ba. Na daɗe ina mamakin yadda bindigar ke ruri a hannunka har mata su riƙa toshe kunne, tana dukan kafaɗarka tana barin shaida, alhali a hannuna tari kawai take yi.

Bara da kuka yi wa rumbu yaɓe, ka dafa laka tana ɗanya, sawun hannunka ya bushe a jiki. Ina wucewa wata rana na tsaya na sa nawa a ciki. Yatsuna huɗu suka shige gurbin naka uku, har da ɗan sarari. Hannun kawunnanka ka ɗauko, masunta masu jan taru, ni kuwa hannun masaƙa Allah ya ba ni. Na zauna a gindin rumbun nan ina tuna yawan harbin da ka yi da ita a haka. Yanzu kuma an ce mini kana cewa fatar dorina sai yatsu huɗu. Huɗunka sun haura biyar nawa, kuma siririn wurin nan ba zai ɗauka ba.

Na taɓa ganin bindiga ta fashe a hannun mutum, a bakin kogi wajen Haɗeja. Bai mutu ba. Ya yi shekaru matarsa tana ba shi tuwo a baki, yana juya kai wajen murya in an gaishe shi. Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba, mahaifiyarku tana ji.

Saboda haka cikin ƙaho ɗaya, shi ne awon yatsuna uku, a shafe bakinsa, ko gada ce ko dorina. Dorina ba ƙarfin ƙara ke kashe ta ba. A matsa kusa ta inda iska ba za ta kai mata wari ba, a jira ta juya, a nemi bayan kunne. In ba a samu ba a dawo gida, gobe ma tana nan.

Na huɗu. Dutsen zubin harsashi da ɗan kaskon narka darma na Ma'u ne, ko da ta koma ɗakin mijinta da su. Tun tana yarinya ta fi ku haƙuri da wuta. Ma'u, kin san aikinki, amma a rubuta don 'yan'uwanki su ji: a kwashe dattin da ke tasowa a kan darma, a ɗumama dutsen kafin a zuba, in ya huce a yanke cibiyar, a murza tsakanin duwatsu biyu har ya zama ba kunne ba ƙusurwa. Kowane ɗaya a gwada shi a bakin bindiga cikin ɗan tsumma mai laushi. Wanda ya sauka da ɗan turi shi ne naku. Wanda sai an doka, ko mai rami a ciki, ya koma kasko, kada ki ji kunyar kowa. Inuwa, na san kana tara guntayen tsohuwar fartanya a bayan ɗaki, wai darma ta yi wa dorina laushi. Ƙarfe yana kankare cikin bututu, in kuma ya gicciye a hanya wuta ba ta da mafita sai ta siririn wurin nan. Ka kai wa maƙera su yi maka lauje da su.

Na biyar. Ranar da aka yi harbi bindiga ba ta kwana da datti. Tokar da ke maƙalewa a ciki tana jan raɓa, ƙasarmu kuwa ko gishiri a ɗaki narkewa yake yi da damina. Ruwan zafi, a ɗura a zubar har ya fito fari, a goge da tsumma har tsumman ya fito a bushe, sannan man kaɗanya kaɗan, ba irin shafar da Haladu ke yi wa gashin bakinsa ba. A rataye ta baki ƙasa, nesa da bango. A toshe bakin da tsumma, don zanzaro ba abin da yake so kamar rami mai duhu, kuma ɗakin lakar da zai gina a ciki ya isa ya fasa sabuwar bindiga, balle wannan. Kafin kowane ɗuri a zura sanda a ji ta taɓa ƙasa. Ƙanƙara, wato dutsen da ke tayar mata da wuta, in ta dakushe a sake ta tun a gida.

Na shida. Rigimarku ta ƙare yau. Da na ga abin da na gani a jikin rumbu, Haladu na aika ya faɗa maka, Inuwa, don bakina bai saba doguwar magana da kai ba. Ka ce baƙin ciki yake yi, yana so bindiga ta zama tasa, ka kira shi matsoraci a gaban abokanka. Tun ranar ba ku sa hannu a akushi ɗaya ba, Hajo tana raba tuwo biyu tana share hawaye da bakin zane. Saƙona ya kai, ba nasa ba. Haladu, kai ma ka rage baki, yayanka ne, in za ka faɗa masa gaskiya ba sai ka haɗa da dariya ba. Na raba kayan nan uku da gangan, don kada bindigar ta yi ƙara sai kun ga juna. Na kuma san Inuwa yana iya zuba albarushi a tafin hannu ya fita ba tare da kowa ba, ba ƙaho ba ƙane. Wannan shi ne abin da nake juyawa a rai, ban sami maganinsa ba sai abu ɗaya.

Na bakwai. In an zo yi mini wanka, Malam Bunu zai yi, Haladu ya zuba ruwa. Inuwa, kai za ka riƙe hannuna na dama. Ciwon nan ƙafa ya kama, bai taɓa hannu ba, yatsun suna nan yadda suke ranar da na yanke ƙahon. Kafin a rufe ni da likkafani, ka ɗora yatsunka uku a kan nawa uku, ka duba da idon nan naka da ba ya kuskure. Ranar babu sauran kunya tsakanina da kai, ba kuma zan janye hannun ba. Ka daɗe kana dubawa, ba wanda zai hanzarta ka.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe mahaifiyarku, kada ta nemi itace ko ruwa kuna raye. Ku riƙa cin abinci wuri ɗaya, ƙofar Ma'u kada ciyawa ta tsiro a hanyarta. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga sharrin ruwa da na wuta, ya sa mu gana a inda ba rabuwa. Ma'u, Allah ya sanyaya miki ɗakinki. Haladu, Allah ya sa a riƙa jin maganarka. Kai kuma Inuwa, ɗana, Allah ya kai ka tsufa da idanunka biyu da yatsunka goma.