Kwanon Guntuwa

Unguwar Hajji, Karaye

Zuwa ga Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gwangwan. Na ba Liti direba takardar nan don na san waya ba ta yi maka tun da kunnenka ya yi nauyi.

Ba shawara nake nema ba, tambaya ce kawai. Ka san Guntuwa, karyar farautar Baba da na ɗauko bayan rasuwarsa, ita ke gadin gidana da ɗakin ajiyar gyaɗa. To wata biyu ke nan na sayo ƙaton kare irin na Turawa daga Kano, na sa masa suna Janar. Duk Karaye babu irinsa, har mutane kan tsaya a ƙofa su leƙa. Shi nake fara ba nama, da hannuna, sannan a zuba mata nata. Tun daga nan gidan ya ƙi zama. Kullum faɗa, har ta tsaga masa kunne. Ita da ba ta kai rabinsa ba.

Yanzu na ɗaure su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Ba mai iya kusantar su sai ni. Kasuwa uku ban je ba, injin matsar mai kuwa na bar wa ma'aikata. Inna ta daina fitowa tsakar gida, a ɗaki take alwala cikin roba. Mai unguwa ya ce haushin ya ishi maƙwabta, nan da kwana goma in raba su, in fid da ɗaya.

Tunda kai ka bi Baba daji, wane magani ake ba karya ta san girman na gaba da ita?

Naka,
Alhaji Sabi'u

Gwangwan, Rogo

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun fara cirar gyaɗa. Ka gaishe da Inna, ka ce ina tafe in hanya ta bushe.

Babu magani. Baba bai taɓa zaɓar wa karnukansa babba ba. Kwance su yake yi ya koma gefe ya zuba ido. Wa ke fara fita ƙofa? Wa ke kwanciya a bakin zaure sauran su kewaye shi? Wa ke kau da kai in an kalle shi? Wanda suka sallama wa, shi yake fara jefa wa kayan ciki. Shi ya sa karnuka bakwai suka zauna gida ɗaya.

Ka kwance su ka duba. Ina zaton sun gama maganarsu tun makon farko, kai ne kake tayar da ita kullum da kwano.

Yayanka,
Barau

Yaya Barau,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙonka, kuma ban ji daɗinsa ba. Ni da na bar Gwangwan da riga ɗaya, na kafa inji ba guminka a ciki, yau a ce karya ce za ta tsara mini gidana?

Duk da haka na kwance su jiya da hantsi, don kada ka ce ban gwada ba. Na zauna a mota na ɗaga gilashi. Guntuwa ta taka ta kwanta a bakin zaure. Janar ya zo zai wuce, ko tashi ba ta yi ba, kallonsa kawai ta yi. Sai ƙaton nan ya sunkuyar da kai ya bi ta jikin bango. Awa guda ba ko gurnani. Da na fito na miƙa masa nama, nan take ta hau shi.

Inna ta gani ta taga. Ta ce, "Sabi'u, shi fa ya haƙura. Kai ne ka ƙi."

To ka gane inda nake. In na fid da Guntuwa, Inna ba za ta yafe mini ba, karyar nan kaɗai ta rage daga abin da Baba ya bari. In na fid da Janar, majalisar ƙofar inji ta samu abin yi har baɗi, don na sha gaya musu babu karen da zai tsaya gabansa. Saura kwana huɗu.

Sabi'u

Sabi'u,

Gaisuwa. Ba sai ka fid da kowa ba. Ka fara aje kwanonta, ka ƙirga goma, ka aje nasa nesa kaɗan. Kullum haka, kada ka canja ko sau ɗaya. 'Yan majalisa ba su ke kwana a gidan ba.

Barau

Yaya,

Salamu alaikum. Yau kwana shida shiru. Ita ke fara ci, shi yana kwance yana jira. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida. Mai unguwa ya wuce bai ce komai ba.

Amma lokacin abinci ina rufe ƙofar waje in sa sakata, kuma ban yarda wani ya ba su ba, don haka har yau ban je kasuwa ba. A majalisa na ce Janar ne ya ladabtar da ita.

In ka zo gaida Inna, don Allah ka bar maganar haka.

Ƙanenka,
Sabi'u